Warƙa Huɗun da Gara Ta Ci

Samarin da ke zama a bakin zaurena bayan la'asar sun ce sana'ata ba sana'a ba ce. Wai mutum ya zauna a kan buzu, ya buɗe takarda, ya karanta abin da wani ya rubuta, a miƙo masa goro, ina wahala a nan? Ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi makarantar boko, har cewa ya yi in an ara masa gafakata gobe ma zai iya. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin yake tun hannuna yana riƙe alƙalami. Karatuna bai yi nisa ba, izu goma na yi a garinmu na gudu, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara, kada ya yi mini dariya a gaban jikokina.

Na zo Ibadan ina da shekara wajen talatin, a lokacin da aka tashi Hausawa daga cikin gari aka kawo su nan Sabo, kusa da Mokola. Sabo a lokacin ciyawa ce da kututture, sai gidajen ƙasa jefi-jefi. Aikina dako, alaru kamar yadda Yarbawa suke kiranmu. Ina ɗaukar huhun goro daga gidan Maigida Tanko zuwa tashar jirgin ƙasa, in dawo in ɗauki wani. Fatake daga Arewa suna sauka a gidansa, su zauna kwana da kwanaki suna jira a tattaro musu goro daga ƙauyuka, a wanke, a zaɓe, a ɗaure cikin ganye. Mutumin da ke jira kuwa yana saurin gajiya, in ya gaji sai ya fara jin cewa wani maigidan ya fi naka sauri. Maigida Tanko ya san wannan, shi ya sa ya ajiye Malam Sambo a zaurensa.

Malam Sambo tsoho ne siriri, yana da gafaka ɗaya ta jan fata da labarai uku a ciki, duk da ajami, duk na mutanen da. Bayan la'asar zai shimfiɗa buzunsa ya karanta wa baƙi har a kusa kiran magariba. Wata rana na sauke kaya ina hutawa a gindin bango, ina kwaikwaya wa 'yan uwana alaru yadda Iya mai akara, wato ƙosai, take ciniki da Maigida Tanko, ita tana Hausar da ta karye, shi yana Yarbancin da ya fi karyewa. Ban san tsohon yana bayana ba. Ya ce in sake, na sake. Ya tambaye ni ko ina karatu, na ce kaɗan.

"Kaɗan ya isa," in ji shi. "Sauran a maƙogwaro yake."

Aikin farko da ya ba ni babu murya a ciki. Ya zazzage labari guda a kan tabarma, ya cakuɗa, ya ce in jera. Ku da kuka saba da littafin da aka ɗinke masa baya ba ku san wannan ba: namu warƙoƙi ne a sake, babu lamba, sai dai a ƙasan kowace warƙa marubuci ya sa kalmar da ta buɗe ta gaba. Da wannan kalma ake bin sawu. Kwana uku na yi ina jerawa, da na gama ya duba ya ce na binne sarki kafin a haife shi. Ya sake cakuɗawa. Bayan wannan ya koya mini shanya. Daminar Ibadan ba irin tamu ba ce, takarda tana shan danshi ko tana cikin fata, saboda haka duk ranar da rana ta leƙo sai a baza warƙoƙi, a danne kowace da tsakuwa, mutum ya tsaya a kai yana korar awaki.

Shekara biyu na yi a gefensa ban karanta layi ɗaya ba. Shi yana karatu, ni ina yin jakuna, karnuka, kalangu, da tsofaffin mata. In labari ya ce ayari ya tashi, ni ne kukan jaki talatin. Kayan aikinmu ba su da yawa: buzu, gafaka, tsinke na sa alama inda aka tsaya, ɗan ƙoƙon zuma da citta saboda maƙogwaro, da huluna uku. In na sa ja ni sarki ne, in na sa fara ni malami ne, in na cire duka ni talaka ne. Akwai kuma wani tsohon mayafi da nake yafawa in mace za ta yi magana, wanda ya sa alaru suka daɗe suna gaishe ni da kwanan miji.

A cikin labaran ukun, na yaƙin garuruwa biyu shi ne baƙi sababbi suka fi nema, ni kuwa ban taɓa sonsa ba. Mutane suna ta mutuwa a ciki ɗari-ɗari, kuma ba a ce ko ɗaya yana da uwa ba. Na biyun labarin wani alƙali ne da aka kawo wa ƙarar raƙumi, wannan na dariya ne, mai karatu yana hutawa a kansa. Na ukun shi ne labarin Madugu Nomau, wanda ya ja ayari zuwa Gwanja sayen goro tun kafin a san jirgin ƙasa. Wannan ne na gaske. Wanda ya rubuta shi ya san yadda igiyar kaya take cin bayan jaki, ya san yadda fatake suke faɗa a zango a kan wanda zai kwanta kusa da wuta. Madugun ma ba waliyyi ba ne, yana da taurin kai, yana da rowar gishiri, amma bai taɓa barin mara lafiya a hanya ba. Fataken goro in suna saurare sai ka ga suna gyaɗa kai kamar ana ba da labarin kakansu. Yammaci tara ake yi kafin a gama shi.

Ranar da aka fara ba ni muryar namiji, ɓarawon jaki aka ba ni. Na ga abin zai fi daɗi in ya yi Hausar Sakkwato, na kuwa zuba ta yadda ya kamata. Ban tambaya ba, ashe rabin zauren Sakkwatawa ne. Takalmi ya wuce ta kunnena ya sami randa. Da aka watse Malam Sambo ya ce mini dokar farko ita ce kafin a buɗe gafaka a gaisa da kowa a ji garinsu. Daga ranar duk ɓarawon da ke cikin labari da muryar Maigida Tanko yake magana, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya faɗi farashi. Baƙi su yi ta dariya, shi ma yana taya su, yana cewa wannan ɓarawo akwai shi da wayo. Har ya rasu bai gane ba, Allah ya jiƙansa.

Doka ta biyu ita ce wurin tsayawa. Ba a tsayawa inda labari ya huta. Ana tsayawa inda mutum ya ɗaga ƙafa bai sauke ba, sannan a sa tsinke a rufe gafaka a ce lokacin alwala ya yi. Na ga falken da kayansa suka gama ɗauruwa ya ƙara kwana biyu don ya ji ko an ga jakin da ya ɓata.

Akwai mai sauraro ɗaya da ba ta taɓa zama a zaure ba. Inna Hansai, uwargidan Maigida Tanko, tana tuyar ƙosai da dama fura na sayarwa daga cikin gida, kuma murhunta yana jikin bangon zauren, ƙarƙashin wata ƙaramar taga. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma na san tarinta. In mai karatu ya tsallake wuri sai a ji tari daga taga. In karatu ya yi kyau sai ƙwaryar fura ta fito ta nan. Malam Sambo ya kan ce duk zauren ita kaɗai yake tsoro.

Da idanunsa suka fara dushewa ya ce zai koma gida a binne shi kusa da iyayensa. Ya kira ni da hantsi, ya ɗora mini gafakar a cinya.

"Garba, ka sa gishiri a bakinka yadda kake so," ya ce. "Amma takarda ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Yadda ka karɓe ta haka za ka miƙa ta."

Na ce na ji. Wata shida ban cika ba na saɓa.

Ga abin da ya faru. Ƙarshen labarin Madugu ba ya yi mini daɗi. A yammaci na takwas, a hanyar dawowa, madugun ya matsa a ƙetare Kwara ranar da masu fito suka ce ruwa ya yi yawa, jirgin ya kife, goron shekara guda ya tafi. Na taran kuma komawarsa gida ne hannu wofi. Lokacin Malam, in an zo nan babu kukan jaki babu kalangu, muryoyin ma shi yake yi da kansa, babu aikina, sai in sulale in tafi alwala tun lokaci bai yi ba. Da gafaka ta zama tawa na lura zaure yana yin tsit a ranar ƙarshe, mutane su tashi jiki a sanyaye, hannu ba ya shiga aljihu. Sai na gyara. A nawa, jirgi ya yi tangal-tangal amma ya ƙetare, madugu ya iso ya tarar goro ya yi tsada, ya shiga gari da jakuna ɗari ana guɗa. Na yafa mayafi na yi guɗar da kaina. Ranar goron da aka zuba mini sai da na cika hula biyu.

Da a baki abin ya tsaya da sauƙi. Amma wata rana wani falke mai ilimi ya leƙo ta kafaɗata ya ce bai ga jakuna ɗari a takarda ba. Na ce idonsa ne. Don kada a sake, na zare warƙa huɗun ƙarshe, na naɗe su a tsumma, na cusa a wani rami a bangon ɗakina bayan randa, na shafe da ƙasa. Na ce wa kaina ajiya na yi. Duk wanda ya zauna a garin nan damina ɗaya ya san abin da ake nufi da bangon ƙasa kusa da randa. Ni na yi damina fiye da goma, kuma ni ne aka koya wa shanya.

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya. Sunana ya kai wasu gidajen, ana aikowa a are ni. Abu ɗaya na lura: duk yammaci na takwas da na tara ba tari, ba fura, sai a ja tagar a rufe. Ban tambaya ba, don na san amsar.

Sai shekarar da kasuwa ta faɗi. Ba a Sabo kaɗai ba, ko'ina aka ce haka take. Goro ya isa Arewa babu mai saye, wanda ya sayar da shanu ya sayi goro ya tashi babu shanun babu goron. Zauren da yake cika sai ka ga mutum biyar. Na karanta musu jakuna ɗari, na yi guɗa, ba wanda ya ko motsa. Wani ya ce mini a hankali, Malam, a rufe haka nan.

A cikin biyar ɗin akwai Mamman Dogo, babban falke ne a da, wanda ni kaina na sha ɗaukar masa huhu. Kayansa duka sun lalace a hanya a wannan shekara. Bai koma gida ba. Ya ajiye babbar riga ya shiga dako a tasha tare da mu tsofaffin alaru, wata bakwai, yana da mata da 'ya'ya huɗu a Arewa suna aiko da saƙo a bakin duk wanda ya zo, shi kuwa in ya hango mutumin garinsu sai ya juya baya ya ja gammo ya rufe fuska. Maigida Tanko ya ce zai sa shi a jirgi, ya ƙi. Ba hanya ce ta gagare shi ba, ƙofar gidansa ce.

Rannan bayan an watse ya tsaya. Ya ce tun yana saurayi ya ji Malam Sambo ya karanta labarin nan, kuma a na Malam jirgi ya kife. Ya ce a nan aka sa tsinke, washegari jirgin ƙasa ya tafi da shi, bai taɓa jin na taran ba.

"Ba jakunanka nake so ba, Malam," ya ce. "So nake in ji da ya isa ƙofar gida me ya ce musu. Ni abin da zan ce ne ban sani ba."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na tafi ɗaki na ture randa na fasa bango. Tsumman yana nan rabi. A ciki kuwa ƙasa ce ja mai hanyoyi-hanyoyi, da gara farare ƙosassu suna kaiwa da komowa. Abin da na samu na takarda bai kai faɗin farce uku ba. Na zauna na yi ƙoƙarin tunawa, sai na tarar na faɗi ƙaryata sau da yawa har ta kwanta a kan gaskiyar ta rufe ta. Malam Sambo kuwa labarin rasuwarsa ya daɗe da zuwa.

Na iya ƙirƙira wani ƙarshen, wannan ai shi ne gwanintata. Amma mutumin da zai ɗauki maganar ya kai ƙofar gidansa ne, na ga bai kamata in ba shi jabu ba. Na je na faɗa wa Maigida Tanko komai. Ya yi tarinsa, ya ce shi bai taɓa lura an canza ba, amma akwai wadda ta yi shekara goma tana yi masa mita a kai. Ya ba ni izini in zauna a gindin taga da hantsi, shi yana zaune a gefe.

Na gaishe ta, na ce Inna, na zo neman taimako. Ta ce wane ne, mai jakuna ɗari ne? Ta tambaya ko jakunan ne suka cinye takardar. Na ce gara ce. Ta ce to garar ta fi ni, ita aƙalla ta bi warƙoƙin har ƙarshe. Sai da ta gama da ni tas sannan ta ce in jiƙa tawada.

Hantsi uku muka yi. Tana juya ƙosai tana faɗa, ina rubutawa, in na yi jinkiri ta ce alaru, alƙalamin ma gammo kake nema masa? Ta riƙe labarin kamar jiya ta ji shi. Yadda madugu ya tsaya a bakin ruwa ya ƙirga mutane bai ƙirga kaya ba. Yadda ya ce wa masu fito laifinsa ne a gaban kowa. Yadda ya ba wata tsohuwar ayari jakin da ya rage, ya taka da ƙafa. Yadda ya iso garinsu da azahar ya zauna a gindin tsamiya a bayan gari har inuwa ta juya, sannan ya tashi ya je ƙofar gidansa, matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe. Na gyara zama, na ce to, me ya ce?

Ta juya ƙosai, mai yana ta ƙara a kasko.

"Wannan kam ban sani ba," ta ce. "Duk sanda Malam ya zo nan sai ya rage murya, ga mai yana ƙara. Ni kuma amsar matar nake jira, ina ruwana da abin da namiji zai ce a ƙofa."

Amsar matar ta faɗa mini, na rubuta. Na ce ko in ɗan sa wani abu a bakin madugu don wurin kada ya zauna haka. Ta ce in na ƙara ko wasali ɗaya za ta sa duk mai sayen ƙosai a Sabo ya ji labarin bango da randa. Na bar fili mai faɗin yatsa biyu.

Da la'asar ta yi na karanta na takwas da na tara a haɗe, ban sa hula ko ɗaya ba. Mutum shida ne a zaure har da maigida. Dogo yana can kusa da ƙofa da gammonsa a hannu. Na kai madugu gindin tsamiya, na tashe shi, na kai shi ƙofa. Na karanta, sai ya yi sallama ya ce. Na tsaya, don babu komai a gabana sai farar takarda. Ban san tsawon shirun ba. Na ɗaga ido na ga Dogo ya sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi.

Na kai hannu ga mayafi zan yi matar, sai muryar ta riga ni daga taga, a hankali, kamar mai magana da wanda ta daɗe tana jira.

"Ashe ƙafafun ba su nutse ba. To shigo da su, na ɗora ruwa."

Ba a taɓa jin muryar Inna Hansai a zaure ba sai ranar. Kowa ya rasa inda zai sa ido. Maigida Tanko ya dubi rufi, ya yi tari, ya ce lalle Garba ya ƙware, yanzu har ta cikin bango yake fito da murya. Baƙi suka ce ƙwarai kuwa. Can sai ƙwaryar fura ta leƙo ta taga, ta farko a yammaci na tara tun tafiyar Malam. Na miƙa hannu, aka janye ta baya kaɗan, aka ce ba tawa ba ce, ta mai gammo ce.

Washegari Dogo ya sa babbar rigarsa. Ni na ɗaukar masa kaya zuwa tasha, ƙunshi ɗaya ne wanda ko gammo ba ya so, kuma shi ne dakon ƙarshe da na yi a duniya. Ban tambaye shi abin da zai ce ba, shi ma bai faɗa ba. Bayan damina biyu wani mutumin garinsu ya ce ya gan shi a kasuwa yana sayar da igiya, ƙaraminsa yana kan wuyansa.

Gafakar tana nan. Wanda ya buɗe labarin Madugu zai ga rubutu mai kyau tun daga farko, sai a ƙarshe ya ga warƙa huɗu da rubutu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Nawa ne. A ta huɗun akwai filin nan, ban cike shi ba kuma ba zan cike ba. An ba ni takarda cikakkiya, zan miƙa ta da rami, wannan kuwa ni na yi, ba na ɗora wa gara.

Ku samari na sha jin kuna cewa babu inda na fi gwaninta kamar shirun da nake yi a ƙofar gidan madugu, wai har tsikar jiki take tashi. To yau kun ji inda shirun ya fito. Mai neman aron gafaka kuma ya zo gobe da hantsi in rana ta fito. Akwai shanya, awakin maƙwabta sun ƙaru, kuma na daɗe ba ni da mai yi mini jaki.